Sharar Saman Silin

Hajiya Luba ta zo Landan rainon jika, amma abin da ta fi yi tun saukarta shi ne faɗa da sanyi. Gidan ɗanta Kassim a Dagenham yake, cikin tsofaffin gidajen nan na ma'aikatan kamfanin mota, ɗakuna biyu a sama, falo da kicin a ƙasa. Tun da watan Nuwamba ya kama hita, na'urar ɗumama gida, take aiki ba hutu, duk da haka idan ka shiga ɗakunan sama sai ka ce randa ka shiga. Jaririn gidan, Usaid, watansa biyar, ya yi mura har sau biyu. Ita kuwa Hajiya safa biyu take sawa, ta ɗora rigar sanyin surukarta a kan tata, tana mita tana cewa mutanen da suka iya tura jirgi ƙarƙashin ƙasa sun kasa ɗumama ɗaki ɗaya.

Kassim ɗan farinta ne, saboda haka bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Da can "wannan yaron" take ce masa, da aka haifi Usaid sai ya samu ƙarin girma ya zama Baban Maigida, don Maigida take kiran jikan. Shi ne ya bayyana mata cewa zafi sama yake tashi, ya ratsa silin, ya fice ta rufi, wato tattabarun unguwa suke ɗumama wa. Maganin abin kuwa a shimfiɗa wani abu mai kauri a saman silin, wanda zai tare zafin.

"Bargo za ku lulluɓa wa gida ke nan," in ji Hajiya. "To Allah ya kyauta."

Shi Kassim mutum ne mai dogon nazari, ko takalmi zai saya sai ya karanta ra'ayin mutum ɗari. Mako biyu ya yi yana zaɓe. Ya kawo samfuri uku ya jera a teburin cin abinci: audugar gilashi mai sa ƙaiƙayi, da wani busasshen kumfa da ake fesawa, da gashin tumaki da aka daka aka yi shi kamar katifa. Matarsa Fadilatu, wadda take karatun digiri na biyu, ta ce ta karanta kumfan yana riƙe danshi har katakon rufi ya ruɓe. Audugar gilashin kuma ta taɓa ta da yatsa ɗaya ta ce ita ba ta son abin da zai tashi a gidan da yake da jariri. Aka tsaya a kan gashin tumaki. Kassim ya ce ya yi booking, ranar Juma'a mai aikin zai zo ya duba wurin, wani ɗan Jos ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta tsaya wa Hajiya a rai.

Ranar Alhamis da safe Kassim ya buɗe ƙofar silin da take a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakunan sama, ya jawo tsanin ƙarfen da yake naɗe a ciki, ya hau ya yi awo. Lokaci ya ƙure masa, ya fita a guje ya bar tsanin a tsaye. Fadilatu ma ta tafi makaranta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, don wanda ya san Hajiya Luba ba zai bar mata ƙofa a buɗe da tsani a ƙarƙashinta ba.

Da farko leƙawa kawai ta yi niyya. Ta taka matakala huɗu, ta zura kai, ta lalubi makunnin ƙwan lantarkin da ke rataye. Abin da ta gani ya sa ta riƙe baki. Yanar gizo-gizo ko'ina, ƙura ta yi kauri a kan katakai, sannan tsakanin katako da katako wani tarkace ne jibge, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar tsakin masara amma da ƙyalƙyali a jikinsa. Ta ɗebo a hannu ta ji ba nauyi. Ta yanke cewa shara ce ta shekara da shekaru, wadda Turawan da suka zauna a gidan suka tura sama don ƙyuya.

Da Bature ne zai zo, da sauƙi, zai gani ya tafi da abinsa. Amma ɗan gida, mai jin Hausa, wanda zai hau ya ga wannan ƙazanta a gidan da ita Luba take zaune, ya sauko ya gaishe ta, ya je ya ba matarsa labari? Ita da a Gwammaja ko mai gyaran famfo za a kira sai ta wanke banɗaki kafin ya iso. Ta sauko ta buɗe akwatinta ta zaro tsintsiyar kaba da ta zo da ita daga Kano, don ba ta taɓa yarda da injin sharar nan mai kuka ba.

Usaid ya farka a daidai lokacin. Yaro ne wanda ba ya yarda a ajiye shi, da ka kwantar da shi zai buɗe maƙogwaro har maƙwabta su ji. Hajiya ta yi abin da ta yi da 'ya'ya bakwai. Ta saɓa shi a baya, ta ɗaura zane, ta tamke da majanyi, ta yi bisimilla ta hau tsani. Shekarunta sittin da huɗu, amma ƙafarta ba ta yi rawa ba.

A gida ba ta shara sai ta yayyafa ruwa. A nan ta ji tsoron ruwan, don silin ɗin ƙasar nan ta ga alama kamar biskit yake. Saboda haka a bushe ta share. Tana takawa a kan faffaɗan katakon da aka shimfiɗa a tsakiya, tana jawo tarkacen da tsintsiya, tana kwashewa da murfin kwali tana zubawa a baƙar leda. Ƙura ta tashi har hasken ƙwan ya dusashe. Ta ja bakin ɗankwalinta ta rufe hanci. Usaid ya yi atishawa sau uku a jere, ta yi dariya ta ce, "Yarhamukallahu, Maigida, ashe kai ma rago ne." Can ya kwantar da kai a gadon bayanta ya yi barci. Kusan awa biyu ta yi, ta cika leda biyar, ta share kamar kashi ɗaya cikin uku, kafin ƙugunta ya ce mata ya isa.

Da ta sauke yaron ta ga ƙyalƙyalin nan a gashin kansa, har a gashin idonsa. Ta yi masa wanka da ruwan ɗumi, ta shafe shi da mai, ta canza masa kaya, ta share lungun tas.

Da yamma ta nuna musu ledojin tana jiran yabo. Abin da ta samu daban ne. Kassim ya dubi tsanin ya dube ta, fuskarsa ta canza.

"Hajiya, ke kika hau nan? Da kin faɗo fa, ba kowa a gida? Da ƙafarki ta zame daga kan katako ai silin ɗin ɓurmawa zai yi da ke."

"Ga ni dai a tsaye," in ji ta.

Fadilatu ta ce, "Usaid fa, Hajiya, yana ina lokacin?"

Hajiya ta dubi idon ɗanta, ta ga idan ta ce da goyo ta hau tsanin nan yau ba za a ci tuwo lafiya ba. Ta ce, "Yana barci." Ta lallashi kanta da cewa ai ba ƙarya ta yi ba, barcin ya yi. Ba a dai tambaye ta a ina ba.

Washegari da hantsi mai aikin ya zo. Sunansa Rwang, gajere mai furfura a gemu, shekararsa ashirin a Landan yana wannan sana'a. Ya rusuna ya gaishe da Hajiya, ya tambaye ta sanyi, ta tambaye shi iyali. Ya sa takunkumi a hanci ya hau da tocila. Hajiya ta tsaya a ƙasan tsanin tana gyara ɗankwali, tana jiran ya ce ai wurin nan fes yake.

Bai yi minti biyu ba ya sauko. Ya tura tsanin sama, ya ja ƙofar ya rufe, sannan ya cire takunkumin. Duk fara'ar da ya shigo da ita babu.

"Oga, wa ya taɓa abin da yake sama?"

"Hajiya ce ta share jiya," in ji Kassim. "Akwai matsala ne?"

"Mu sauka ƙasa tukuna. Madam, ki ɗauki baby mu sauka."

A falo ya yi musu bayani a tsaye. Ya ce abin nan ba shara ba ne, tsohon maganin sanyi ne da ake zubawa a saman silin shekaru hamsin da suka wuce. Wani irinsa lafiya lau ne. Wani kuma akwai asbestos a cikinsa, kuma ido ba ya bambancewa, sai an kai lab, wato ɗakin gwaji.

Hajiya ta ji sanyi a ranta, don wannan suna ta san shi. "Asbesto? Ai silin ɗakina a Kano shi ne, shekara talatin ina kwana a ƙarƙashinsa."

"Mama, idan yana zaune a wurinsa ba ruwansa da kowa. Ƙurarsa ce matsala. Idan ta shiga huhu ba ta fita, ba tari, ba magani. Wani tana zama ba ta yi masa komai har ya mutu da tsufa. Wani kuma bayan shekaru ta tashi." Ya dube ta. "Da me kika share?"

"Tsintsiya."

"Kin zuba ruwa?"

"A'a."

Rwang ya shafa gemunsa. Sannan ya tambayi inda jaririn yake lokacin da ake sharar. Kafin Hajiya ta buɗe baki Fadilatu ta amsa mata.

"Yana barci. A falo kike kwantar da shi da safe, ko Hajiya? Ƙofa a rufe?"

"E," in ji Hajiya.

"Mun gode Allah," in ji Rwang. "Yara su ne abin tsoro."

Hajiya Luba ta dubi yaron. Ta ji atishawar nan uku a kunnenta kamar yanzu ake yin su. Ta tuna ta rufe nata hancin da ɗankwali, nasa kuwa a buɗe yake a bayanta awa biyu. Fadilatu ta rungume yaron tana alhamdulillahi, Kassim yana tambayar kwana nawa lab yake ɗauka.

Rwang ya ɗebi kaɗan daga tarkacen a wata 'yar roba ya rufe. Ya liƙe ƙofar silin da salatif, ya saka ledojin nan biyar cikin wasu ledoji masu kauri, ya haɗa da tsintsiyar. Ya ce kowa ya kwana a ƙasa sai sakamako ya fito, kwana biyar na aiki. Sannan ya ce Mama ta kawo duk kayan da ta sa jiya. Ta hau ta kwaso riga da zane da ɗankwali daga kwandon wanki. Majanyin yana rataye a jikin ƙofa, ƙyalƙyali a saƙarsa. Ta miƙa hannu ta ɗauke shi, ta tsaya. Idan ta sauka da shi, ta faɗa ke nan ba tare da ta buɗe baki ba. Ta cusa shi a leda, ta ƙulle, ta tura ƙarƙashin kayanta a akwati.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma a kwanakin nan cikin Hajiya ko tuwon bai karɓa ba. Da rana idan mutanen gidan sun fita, Usaid ya yi barci a kan katifar da aka shimfiɗa a falo, sai ta durƙusa ta kanga kunnenta a ƙirjinsa. Numfashin yana shiga yana fita, wani lokaci da 'yar ƙara ta mura, ita kuma ba ta san wanne ne na mura wanne ne na ƙura ba. Ranar Lahadi ya yi tari sau biyu yana shan nono, cokalin da ke hannunta ya faɗi ƙasa. Ta tofa masa duk addu'ar da ta sani. Ta daina goya shi, ta ce bayanta ne yake ciwo, alhali ji take bayan nata ba wurin da za a amince a ɗora yaro ba ne.

Abin da ya fi ci mata rai kirkin Fadilatu ne. Yarinyar nan kullum sai ta dafa mata shayi da citta, ta tambaye ta ko ƙirjinta yana mata nauyi, ta ce, "Hajiya, don mu kika yi, kada ki sa wa ranki damuwa." Da zagi ta yi mata da ya fi sauƙi. Hajiya takan karɓi kofin ta ce Allah ya yi albarka, ta kasa ɗaga ido.

Ta yi wa kanta alkawari: idan sakamako ya fito babu komai, za ta binne maganar, ta koma Kano da ita. Idan kuma akwai, to, a nan tunanin yake tsaya mata kullum, sai ta tashi ta kama goge kicin ɗin da ta riga ta goge.

Ranar Alhamis da la'asar Rwang ya kira Kassim. Akwai asbestos ɗin, amma kaɗan. Kassim ya faɗa musu yana ƙoƙarin sassauta murya, yana maimaita "kaɗan" ɗin kamar shi ne labarin. Hajiya ta ce innalillahi a hankali. Bakinta ya buɗe zai ci gaba, sai ta ga Fadilatu ta sumbaci kan yaron ta ce Allah ya tsare ba ya sama a ranar. Bakin ya rufe.

Suka koma gidan wani abokin Kassim kwana uku. Wasu mutane masu fararen kaya har ka suka zo suka kwashe sauran tarkacen, suka tsotse ƙurar gidan da injinansu, suka auna iska suka ce ta yi kyau. Bayan nan Rwang ya dawo da naɗin gashin tumaki cike da mota. Ya shimfiɗa layi ɗaya tsakanin katakai, ya gicciya wani a kai, ya bar 'yar kafa ta bakin rufi don iska ta riƙa zagayawa. Kafin azahar ɗakunan sama sun fara riƙe ɗumi, har Fadilatu ta cire wa Usaid hula.

Yana loda kayan aikinsa a mota Hajiya ta fito da leda a hannu, ta waiga ta ga ba kowa a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, ga wani tsumma na manta ban ba ka ba rannan. Ka haɗa da na zubarwa."

Rwang ya karɓa. Ledar fara ce, ana ganin abin da ke ciki. Ya juya ta, ya ga saƙar, ya ga tsawon, ya ga inda bakinsa biyu suka murɗe don yawan ɗauri. Da Bature ne da ya jefa a mota ya ja. Amma shi ma da irin wannan aka goya shi.

"Mama, wannan majanyi ne."

Hajiya ta sake waigawa ta dubi ƙofar gidan.

"Yana bayanki?"

Ta sunkuyar da kai.

Rwang ya daɗe yana kallon ledar. "Ni ba zan faɗa ba, ba hurumina ba ne. Kuma ba na so ki ɗauka an gama, yawanci sau ɗaya ba ya yin komai. Amma akwai dalilin da ya sa ake rubutawa a asibiti. Wata rana idan ya girma ya je da ciwon ƙirji, likita zai san inda zai duba da wuri. Idan ba a rubuta ba, ba wanda zai sani. Ke kaɗai kika sani, Mama, kuma ke za ki koma gida."

Ya saka ledar cikin wata, ya ƙulle, ya yi mata sallama.

Dama Kassim ya yi mata booking ɗin ganin likita ranar Litinin, don a duba ƙirjinta. Shi yana wurin aiki, saboda haka Fadilatu ce ta raka ta, ita ce kuma tafinta, tun da Turancin Hajiya bai wuce gaisuwa ba. Suka tafi da Usaid a keken turawa.

Likitar mace ce, dattijuwa mai gilashi. Ta sa abin sauraro a ƙirjin Hajiya da bayanta, ta ce ta ja numfashi, ta sake. Ta yi tambayoyi, Fadilatu tana juyawa. Sannan ta yi bayani a nutse, Fadilatu tana bin ta jimla jimla, fuskarta tana washewa.

"Ta ce ƙirjinki lafiya lau. Ta ce sau ɗaya ne, na ɗan lokaci, haɗarin kaɗan ne sosai. Ba wani hoto ko gwajin da zai nuna komai yanzu, za ta dai rubuta a file ɗinki na asibiti. Ta ce ko da abin zai yi wani abu, sai bayan shekara ashirin, talatin, har arba'in." Fadilatu ta yi 'yar dariya. "Ta ce a shekarunki kada ki bari wannan ya hana ki barci."

Likitar ta juya ga kwamfuta tana bugawa. Usaid yana cikin kekensa yana cin yatsun hannunsa, yana kallon fitilar silin. Hajiya ta dube shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta sani.

"Tambaye ta, idan ƙaramin yaro ne fa?"

"Wane yaro, Hajiya?"

"Ki dai tambaye ta."

Fadilatu ta tambaya. Likitar ta daina bugawa, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. Amsar da ta bayar gajeriya ce, Fadilatu ta juya ta a hankali, dariyar ta bar fuskarta.

"Ta ce shi ma haɗarin kaɗan ne. Sai dai yaro yana da shekarun a gabansa. Ta ce akwai yaron da yake wurin ne?"

"Ki ce mata ta buɗe takardar Usaid ta rubuta." Hajiya ba ta kalli surukarta ba, bangon ta kalla. "Yana bayana. Tun daga hawa har sauka, awa biyu. Na rufe hancina ban rufe nasa ba. Ya yi atishawa sau uku. Da na sauke shi abin yana gashin idonsa. Barcin da na ce muku ya yi, a bayana ya yi shi."

Likitar tana kallon wannan tana kallon waccan, tana jiran fassara, don ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ba kuma wanda zai faɗa mata sai uwar yaron. Fadilatu ta fara, da Turanci, da wata siririyar murya da Hajiya ba ta taɓa jin ta da ita ba. Hajiya ba ta jin yaren, amma ta gane inda aka zo kan awa biyu, ta gane inda aka zo kan hanci, don a nan muryar ta karye, sai da yarinyar ta tsaya ta sake ɗaukowa. Ba ta rage komai ba.

Likitar ta sa aka ciro Usaid, ta ɗumama abin sauraron a tafin hannunta, ta ɗora masa a ƙirji. Yaron ya kama igiyar yana dariya. Ta ce ƙirjinsa fes. Ta ce sun yi daidai da suka faɗa. Ta tambayi ranar haihuwarsa, ta buɗe shafinsa, wanda ba komai a ciki sai allurar rigakafi da mura biyu, ta rubuta layi uku.

Hajiya ta ce, "Tambaye ta yaushe za a tabbatar ya kuɓuta."

Fadilatu ba ta juya wannan ba. Ta amsa da kanta, tana maida yaron cikin keke, tana ɗaure masa bel, idonta a kan maɓallin.

"Kin ji abin da ta ce ɗazu, Hajiya. Talatin. Arba'in."

A waje iska tana kaɗawa, mutane suna ta sauri da lema a hannu. Kullum idan sun fita Hajiya ce take tura keken, don ta ce yana taimaka wa ƙugunta. Yau Fadilatu ta riƙe shi da hannu biyu ta yi gaba, ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma waiwayo ba. Hajiya ta biyo su a baya da taku uku. Ta ɗora arba'in a kan sittin da huɗu, ta sauke, ta ɗora talatin, ta sauke, ta ɗora ashirin ma ta ga da ƙyar. Uwarsa za ta gani, ubansa zai gani, shi ma zai gani, ko alheri ko akasinsa. Ita ce kaɗai ba za a taɓa zuwa a ce mata ya kuɓuta ba, da wannan tsoron za a kai ta kabari. Can gaba Usaid ya yi ɗan tari, irin na kowane yaro a cikin sanyi, su biyun suka tsaya cak a kan titi suna saurare.